'Yan Suffa: Yadda Madina Ta Raini Samarin da Ba Su da Kowa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, da wuya a sami unguwa a garuruwanmu da babu wata inuwa ko bakin wani shago inda samari ke wuni a zaune, tun hantsi har faɗuwar rana. A cikinsu akwai maraya, akwai wanda karatu ya tsaya masa saboda rashin kuɗin jarrabawa, akwai wanda ya baro ƙauye yana neman abin yi bai samu ba. Mun saba mu wuce su muna girgiza kai, wani lokaci ma mu kira su da sunan 'yan zaman kashe wando. Abin da nake so mu duba a yau shi ne: shin al'ummar Musulmi ta farko ta gamu da irin waɗannan samari? Idan ta gamu da su, me ta yi musu, kuma me suka zama?

Mece ce Suffa?

Bayan hijirar Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a shekarar 622 Miladiyya, mutanen garin, wato Ansar, sun karɓi Muhajirai a gidajensu, aka kuma ƙulla 'yan'uwantaka a tsakaninsu. To amma baƙi ba su daina kwararowa ba. Kullum sai ga wani ya iso daga Makka ko daga wata ƙabila ta ƙauye, ya baro danginsa da dukiyarsa, ba shi da gida, ba shi da mata, ba shi da jari, bai kuma san noman dabino ba, wanda shi ne babbar sana'ar Madina.

Wata 16 ko 17 bayan hijira aka juyar da alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba. Sai bangon tsohuwar alƙibla, wanda ke arewacin masallaci, ya koma baya. A nan aka yi rumfa, aka rufe ta da ganyen dabino. Wannan rumfa ita ce ake kira Suffa, mazauna cikinta kuma Ahlus Suffa. Malam Abu Nu'aim al-Asfahani, wanda ya rasu a shekara ta 430 bayan Hijira, ya tattaro sunayen da yawa daga cikinsu a littafinsa Hilyatul Auliya.

Talaucinsu ya kai intaha. Imam Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ya ga mutum 70 daga cikinsu, babu mai mayafi ko ɗaya, sai dai gyauto ko wani ƙyalle da mutum zai ɗaura a wuya, yana riƙe bakinsa da hannu don kada tsiraicinsa ya bayyana. Shi kansa Abu Huraira, wanda ya iso Madina a shekara ta 7, ya ba da labarin yadda yunwa kan kayar da shi a sume tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha (RA), har mai wucewa ya zaci taɓin hankali ne ya same shi.

Wa ya ɗauki nauyinsu?

Abu na farko da za mu lura da shi shi ne, shugaban al'umma da kansa ya ɗauki lamarinsu a matsayin nasa. Idan aka kawo wa Annabi (SAW) sadaka, sai ya aika musu da ita gaba ɗaya. Idan kyauta ce, sai ya kira su a ci tare. A cikin Musnad na Imam Ahmad an ruwaito cewa lokacin da 'yarsa Nana Faɗima (RA) ta nemi ya ba ta mai taya ta aiki, alhali niƙa ya sa hannunta ya yi kanta, bai ba ta ba, domin 'yan Suffa suna fama da yunwa kuma bai sami abin ciyar da su ba. Sai ya koya mata da mijinta tasbihin da za su riƙa yi lokacin kwanciya.

Abu na biyu, an raba nauyin a kan gidaje. Abdurrahman ɗan Abubakar (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi umarni duk mai abincin mutum 2 ya tafi da na 3 daga cikinsu, mai abincin mutum 4 ya tafi da na 5 ko na 6. A wannan dare Abubakar ya tafi da 3, Annabi (SAW) ya tafi da 10. Ka ga ke nan yaron Suffa yakan shiga gidan manya, ya ci a akushi ɗaya da su, su san sunansa, su san halinsa. Su kuma manoman Ansar sukan kawo rassan dabino da 'ya'yansu su rataye a masallaci, duk mai jin yunwa ya kaɗo ya ci. Da wasu suka fara kawo ƙwandararren dabino wanda ba su so, sai aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana ciyarwa da mummunan abu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib (RA). Wannan ishara ce gare mu cewa talaka ba juji ba ne da za a riƙa zubar masa da abin da aka gaji da shi.

Karatu da aikin hannu

Ciki ya samu, to sai me? A nan ne Suffa ta bambanta da gidan rabon abinci. Ubada ɗan Samit (RA) ya faɗa da bakinsa, a ruwayar Abu Dawud da Ibn Majah, cewa ya koya wa wasu daga cikin 'yan Suffa rubutu da Alƙur'ani. A ƙasar Larabawa ta wancan zamani masu iya rubutu ƙalilan ne, saboda haka wanda aka koya wa rubutu an ba shi ilmi, an kuma ba shi sana'ar da za a neme shi dominta.

Uƙba ɗan Amir al-Juhani (RA) ya ba da labari a Sahihu Muslim cewa wata rana suna zaune a Suffa, Annabi (SAW) ya fito ya tambaye su ko wane ne zai so ya je kwarin Buɗhan ko Aƙiƙ kullum da safe ya dawo da taguwa 2 masu manyan tozo, ta hanyar halal. Duk suka ce suna so. Sai ya nuna musu cewa koyon aya 2 a masallaci ya fi musu taguwa 2. Dubi hikimar malami! Ya san abin da zuciyar saurayi matalauci ke ƙwaɗayi, bai zarge su a kansa ba, sai ya bi ta wannan ƙofa ya kai su ga karatu.

Kada kuma a ɗauka karatun ya hana neman na kai. Anas ɗan Malik (RA) ya siffanta wasu mutum 70 da ake kira makaranta, waɗanda da dare suke karatu da bita, da rana kuma su ɗebo ruwa su ajiye a masallaci, su yi itace su sayar, su sayi abinci wa 'yan Suffa da sauran matalauta. Su ne aka yi wa kisan gilla a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4, a kan hanyarsu ta zuwa karantarwa, har Annabi (SAW) ya yi wata guda yana alƙunuti a kan waɗanda suka kashe su.

Rumfar da ake fita daga cikinta

Shaikhul Islam Ibn Taimiyya ya ja hankali ga wani abu mai muhimmanci: 'yan Suffa ba wata tsayayyiyar ƙungiya ba ce. Yawansu yakan ƙaru, yakan ragu. Wanda ya sami mazauni ko ya yi aure sai ya tashi, wani baƙon ya maye gurbinsa. Wato Suffa zango ce, ana sauka ana tashi.

Labarin Rabi'a ɗan Ka'ab al-Aslami (RA) ya nuna yadda ake tashin. Saurayi ne daga cikin 'yan Suffa, yana yi wa Annabi (SAW) hidima, yana kwana a bakin ƙofarsa. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ba zai yi aure ba, ya ba da uzurin cewa ba shi da abin riƙe mace, kuma ba ya son abin da zai ɗauke masa hankali daga hidima. Aka sake tambayarsa, har sau 3. Da ya amince, sai Annabi (SAW) ya tura shi wani gida na Ansar da saƙon su ba shi 'yarsu. Sadaki fa? Sai aka umarci Buraida al-Aslami, ɗan ƙabilarsu, ya sa dangi su haɗa masa. Walima fa? Suka haɗa kuɗin rago, aka ɗebo sha'ir daga ɗakin Nana A'isha. Daga baya kuma aka ba shi gona. Mai kwana a bakin ƙofa ya zama magidanci mai ƙasar noma. Lura da cewa hidimar Rabi'a tana amfanar Annabi (SAW), amma shi ne da kansa ya matsa masa ya tafi ya kafa nasa gidan.

Uƙba da muka ambata ya zama gwamnan Masar a zamanin Mu'awiya (RA). Abu Huraira kuwa Halifa Umar (RA) ya naɗa shi gwamnan Bahrain, ya kuma riƙe Madina a wasu lokuta daga baya, kuma malaman hadisi sun ƙidaya masa ruwayoyi 5,374, fiye da na kowane sahabi. Bukhari ya kawo cewa wata rana, yana sanye da tufafin kittani, sai ya tuna kwanakin da yake faɗuwa don yunwa, yana mamakin yadda Allah Ya canza masa hali.

Gatari da murya

Wannan tarbiyya ba ta tsaya a cikin rumfa ba. Abu Dawud da Ibn Majah sun kawo labarin wani mutumin Ansar da ya zo roƙo. Annabi (SAW) ya tambaye shi abin da ya mallaka a gida, ya ce shimfiɗa ce da ƙoƙon shan ruwa. Aka kawo su, aka yi gwanjonsu a kan dirhami 2. Aka ce ya sayi abinci wa iyalinsa da 1, ya sayo ruwan gatari da 1. Annabi (SAW) ya sa masa ƙota da hannunsa, ya ce ya je ya yi itace, kada ya dawo sai bayan kwana 15. Ya dawo da dirhami 10. Wasu malaman hadisi sun raunana isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta tana da madogara a hadisin Zubair (RA) da ke Bukhari, wanda ya fifita ɗaukar igiya a yi itace a kan roƙon mutane. Matakan a bayyane suke: an bincika abin da yake da shi, an toshe yunwar gida tukuna, an ba shi kayan aiki, an nuna masa kasuwa, an kuma yanka masa ranar da zai dawo a ga abin da ya yi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai kuma labarin da ya fi taɓa zuciyata, na Abu Mahzura (RA). A shekara ta 8, a kan hanyar dawowa daga Hunaini, ladanin Annabi (SAW) ya kira salla. Wasu samarin Makka suna gefe, sai suka shiga kwaikwayonsa da ƙarfi don izgili. Aka kamo su. Annabi (SAW) ya tambaya muryar wane ne ya ji ta fi tashi, suka nuna Abu Mahzura. Ya sallami sauran, ya tsayar da shi. Yaron yana jiran hukunci, sai ya ji ana koya masa kiran salla kalma bayan kalma. Da ya gama, Annabi (SAW) ya ba shi jaka da azurfa a ciki, ya ɗora hannu a goshinsa ya yi masa addu'a. Shi kuma ya roƙi a sa shi ladanci a Makka, aka amince, ya tafi wurin gwamnan garin, Attab ɗan Asid, ya kama aiki. Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito labarin, ladanci kuma ya daɗe a gidansa, 'ya'ya da jikoki. Kowa ya ji rashin kunya a muryar yaron nan, Annabi (SAW) kuwa ya ji ladani. Ya ba shi horo, ya ba shi kuɗi, ya ba shi aiki, duk a zama ɗaya.

Jakar Abu Hanifa

Magabata sun gaji wannan hali. Imam Abu Hanifa, wanda ya rayu daga shekara ta 80 zuwa ta 150, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi a Kufa, kuma yakan kashe ribarsa a kan ɗalibai. Cikinsu akwai wani yaro ɗan gidan talakawa, Ya'aƙub ɗan Ibrahim, wanda aka haifa a shekara ta 113. Khaɗib al-Baghdadi ya kawo a Tarikhu Baghdad cewa mahaifin yaron ya janye shi daga karatu, yana ce masa Abu Hanifa mai wadata ne, shi kuwa sai ya nemi abin da zai ci. Malamin ya lura ɗalibinsa ya ɓace, ya tambaya. Da yaron ya dawo, sai ya bari mutane suka watse, ya miƙa masa jaka mai dirhami 100, ya ce ya lizimci karatu, idan ta ƙare ya faɗa masa. Kafin ya buɗe baki ya ce ta ƙare, sai ga wata. Haka aka yi ta yi har ya tsaya da ƙafafunsa.

Wannan yaro shi ne Abu Yusuf, alƙalin Bagadaza a zamanin halifofi Mahdi da Hadi da Haruna Rashid, mutum na farko da aka kira Alƙalin Alƙalai, mawallafin Kitabul Kharaj a kan haraji da dukiyar gwamnati. Ya rasu a shekara ta 182, wato 798 Miladiyya. Mahaifinsa bai yi ƙarya ba, yunwa gaskiya ce. Abu Hanifa bai yi masa wa'azin haƙuri ba, ya cire kuɗi ya biya abin da karatun ke hana yaron samu, ya kuma yi hakan a ɓoye don ya tsare masa mutunci.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muhammad ɗan Hasan ash-Shaibani ya yi karatu wurin Abu Hanifa da Abu Yusuf. Shi kuma wata rana wani baƙo daga Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, mai suna Asad ɗan Furat, ya zo masa bayan ya yi karatu wurin Imam Malik a Madina, ya koka cewa shi baƙo ne mai ƙarancin guzuri. Masu tarihin malaman Malikiyya sun ruwaito cewa Shaibani ya ware masa dare shi kaɗai, idan gyangyaɗi ya kama shi ya yayyafa masa ruwa a fuska, ya kuma ba shi dinari 80 da ya gane kuɗinsa sun ƙare. Asad ya wuce Masar wurin Ibnul Ƙasim, ya rubuta mas'alolin da aka sani da Asadiyya. Su ne Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 240, ya koma da su wurin Ibnul Ƙasim aka tace, suka zama Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Daga wannan rijiya Risala da Mukhtasar suka sha, littattafan da har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Damagaram. Ashe fiƙihun da muke alwala da salla da shi ya biyo ta hannun ɗalibai matalauta waɗanda wani ya ɗauki nauyinsu.

Malaman fiƙihu ma ba su bar batun a matsayin kyautatawa kawai ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676, ya bayyana a cikin Al-Majmu'u cewa a mazhabar Shafi'iyya mai sana'a matalauci ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa, ko da tsada ko da araha, ɗan kasuwa kuma a ba shi jarin da ribarsa za ta riƙe shi. A ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya lissafa kula da masu sana'o'i, kamar manoma da maƙera da maɗinka da marina, cikin ayyukan da ke wuyan shugaba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, idan ka haɗa waɗannan labarai za ka ga abu 3 suna tafiya tare: abin da zai riƙe cikin saurayi yayin da yake koyo, ilmi ko sana'ar da zai koya, da kuma babba wanda ya san sunansa, yake cigiyarsa idan bai gan shi ba, yake buɗe masa ƙofa idan ya ƙware. Idan aka ba da kuɗi babu mai bibiya, sai su ƙare a banza. Idan aka ba da horo babu abinci, sai yaro ya gudu, kamar yadda Abu Yusuf ya kusa yi. Idan kuma aka riƙe yaro shekara da shekaru yana bauta ba a sallame shi ba, an saɓa wa abin da aka yi wa Rabi'a.

Mu Hausawa mun san wannan tsari a kasuwanninmu, inda ubangida kan raini yaronsa a shago, in ya gane ciniki ya yanka masa jari ya sallame shi. Abin da ya rage shi ne mu faɗaɗa shi ya kai ga yaron da ba ɗan kowa ba. Ba sai kana da dukiyar Abu Hanifa ba. Idan kai tela ne, ko makanike, ko mai gyaran waya, ko ka iya kwamfuta, akwai gurbin yaro 1 a gefenka. Idan albashi kake ɗauka, kuɗin jarrabawar wani ko kuɗin motarsa zuwa wurin koyon aiki ba za su karya ka ba. Idan ku 10 ne a majalisarku, za ku iya haɗa kuɗin keken ɗinki, kamar yadda Banu Aslam suka haɗa sadakin ɗan'uwansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi kuɗin tsada shi ne ka koma bayan kwana 15 ka tambaye shi yaya aiki.

Kai kuma da kake cikin rumfar a yau, kada ka raina kanka, kada kuma ka miƙe ƙafa. Abu Huraira ya lizimci malaminsa da yunwa a cikinsa, mai gatari ya tafi daji ya dawo a ranar da aka yanka masa, Abu Mahzura da bakinsa ya nemi aiki. Wanda aka miƙa wa hannu, shi ma sai ya miƙo nasa.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya buɗa musu ƙofofin halal, Ya sa mu zama sanadin tashin wani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.